Yaran da Ke Bayan Ɗaki

Zuwa ga ɗiyata Amna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Ina roƙon Allah ya tsare ki a hanya, ya sauke ki lafiya, ya kiyaye ki daga sharrin abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Innarki tana gaishe ki. Ba zan ba ki labarin gida ba, yana nan yadda kika bar shi.

Na sa wannan takarda a ƙasan jakarki, cikin littafi mai baƙin bango, na ce kada ki buɗe sai motarku ta wuce garin Makwar. Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi miki sauƙi, shi ya sa. Ina so ki karanta a hankali, kina tsayawa kina komawa baya, yadda ni ma na rubuta ta.

Kin tuna ranar da takardar karɓarki a jami'a ta zo? Muna zaune a rumfa bayan la'asar, kika matso da wayarki kika ce, "Baba, dubi Daktora." Kika karanta mini yadda ake auna malami a zamanin nan, wai da yawan masu binciken da suka kafa hujja da rubutunsa. Kika ce nata ya zaga duniya, ana koyar da shi ga ma'aikatan jinya a ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba, kuma malamin da zai duba aikinki ɗalibinta ne. Sannan kika nuna mini wani layi a ƙarshen tsohon rubutunta, kina dariya. "Ga sunanka nan, cikin waɗanda ta gode wa. Ustaz Haruna." Na ce madalla, na tashi na ɗauki buta. Kin ɗauka halina ne na rashin murna da komai. Ba shi ba ne. Layin nan shi ne mafi munin abin da aka taɓa rubutawa a kaina, kuma ke za ki je ki ɗora naki aikin a kansa. Dole ki san abin da ke ƙarƙashi.

Na yi sakandare a birnin Madani, ba wanda ya wuce ni a aji. Da lokacin jami'a ya yi aka ce in kawo takardar zama ɗan ƙasa, in kawo shaidu cewa kakan kakana a nan aka haife shi. Kakana da ƙafa ya zo daga ƙasar Hausa, yana nufin Makka, ya tsaya cirar auduga ya ƙare rayuwarsa a bakin tur'a, wannan babbar magudanar ruwan da kika taso kina gani. Na dawo gida na zama malamin firamare, cike da haushi. Sai dai haushin bai tafi kan waɗanda suka rufe mini ƙofa ba, ya sauka kan mutanena. Ina jin kunyar Hausarsu, da bangon lakarsu, da yadda suke sunkuyar da kai gaban duk mai wando. Har uwar da ta haife ni da Larabci nake amsa mata. Wannan ne kuskurena na farko, sauran duk daga cikinsa suka fito. Amna, idan sun raina ki a can, ki mayar da fushinki inda ya fito. Kada ki ɗauko shi ki kawo wa mutanen da suka goya ki.

A cikin wannan halin ta same ni. Ba ta zama Daktora ba tukuna, ma'aikaciyar jinya ce matashiya mai farin lulluɓi, da direba da akwatin takardu. Tana bin ƙauyukan bakin ruwa tun daga wajen Makwar har Abu Na'ama, tana tambayar mata haihuwa nawa suka yi, nawa ke raye, nawa suka rasu. Ba ta jin Hausa, matanmu na lokacin kuma Larabcinsu bai wuce na kasuwa ba. Shehun gari ya nuna ni. Ta miƙo mini alƙalami ta ce, "Ya Ustaz, kai ne kunnena a garin nan." Ba wanda ya taɓa yi mini magana haka. Na bi ta kamar an ɗaure ni da igiya.

Gidan da muka fara shiga na Hajja Kande ne, tsohuwar da ke karɓar haihuwa a unguwarmu, ita ta yanke mini cibiya. Na tsaya a gabanta da takarda na ce, baƙuwa na tambaya, 'ya'ya nawa kika haifa?

Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Haruna, kai da na wanke wa kashi kaka tambaya ta wanga?"

Na ce aikin gwamnati ne, Hajja.

Ta ce, "To ce mata ukku."

Na ce uku, baƙuwa ta rubuta. Amma ina kallon hannun Hajja Kande a kan gwiwarta. Tana danna yatsu ɗaya bayan ɗaya a kan zaninta, a hankali, kamar mai jan carbi. Ta wuce na uku. Ta gama hannun dama, ta koma na hagu. Bakinta a rufe, hannunta yana ba da amsa. Na gani, na ɗauke kai.

Ke kin taso a wani zamani, bari in faɗa miki abin da kowane yaro a garin nan ya sani a lokacin. Mace ba ta ƙirga 'ya'yanta a gaban baƙo, tana tsoron baki. Ɗan fari ba ta sa shi a lissafi, ko sunansa ba ta kamawa, don kunya. Wanda ya rasu kuwa tun yana jariri ba a cewa ya mutu, cewa ake ya koma, baƙo ne ya leƙo bai zauna ba, kuma ba a tayar da zancensa don kada a kira shi ya dawo ya sake tafiya. Duk wannan na sani. Jumla biyu da Larabci sun isa in fahimtar da ita. Ban yi ba, don kada ta dube ni ta ce ashe mutanenka har yanzu cikin duhu suke. Na fassara kalmomin daidai, ba wanda zai kama ni da ƙarya ko ɗaya. Na bar shirun ban fassara ba, gaskiyar kuwa duk tana cikinsa.

Shawarata a nan ta aiki ce, ki riƙe ta. Kada ki tura namiji ya tambayi mace haihuwarta. Kada ki yi tambaya a tsaye. Kuma idan mace tana ba ki amsa, ki bar kallon takarda, ki dubi hannunta.

Ba zan zalunci Daktora ba. Mai kula ce. Da ta ga gida bayan gida ana cewa ba wanda ya rasu, hankalinta bai kwanta ba. Ta ce in kai ta maƙabarta. Muka je da tsakar rana, ta bi kabari bayan kabari cikin zafin nan tana neman ƙanana. Kaɗan ta samu. Ta tsaya tana share zufa ta ce, "To, ƙasa dai ba ta ɓoye komai." Ban ce mata a garinmu jaririn da bai yi arba'in ba ba a fita da shi ba. A cikin gida ake haƙa masa, bayan ɗakin uwarsa, a shafe wurin ya koma daidai da sauran ƙasa. Fiye da kwana goma ta yi tana shiga gidajenmu tana taka su, tana zama kusa da su tana shan kofi.

Gidanmu ta bari ƙarshe. Na shimfiɗa mata angarib, gadon igiyan nan na kakarki, a inuwar darbejiya ta bayan ɗakin innarki. Kin san wurin. Nan ne innarki ta hana ki wasan ƙasa tun kina rarrafe, nan ne ba a ɗaure akuya, ba a zubar da ruwan wanke-wanke, ba ki taɓa jin dalili ba. Ƙafar gadon tana taki ɗaya da wurin. Daktora ta ce, "Matarka fa, ya Ustaz?" Na ɗaga murya na tambaya. Innarki tana bayan ƙyaure, ba ta fito ba. Ta ce, "Ce mata Allah bai kawo ba tukuna."

A ranar ni ke riƙe da takardar. Na rubuta sifiri da hannuna.

Amna, ba ke ce ta fari ba. Ke ce ta uku. Na farko namiji ne, ya ƙi kama nono a kwana na huɗu, jikinsa ya sandare kamar icce, a na biyar ya koma, ba a kai ga suna ba. Ta biyu mace ce, an raɗa mata Sa'adatu, zawo ya ɗauke ta kafin arba'in. Ni na haƙa duka biyun, ƙasar ta biyu ko bushewa ba ta gama yi ba ranar da na rubuta sifirin nan. Shi ya sa kakarki ke kiranki Ayashe har ta rasu. Kina jin haushin sunan, kina cewa na ƙauyawa ne. Suna ne da ake ba yarinyar da ta biyo bayan waɗanda suka koma, a nuna kamar ba a damu da ita ba, ko mutuwa ta wuce ta bar ta.

Daga nan na ƙara da abin da ya fi shiru muni. Ana gobe za ta tafi, ta ajiye takardun a cinyarta ta ce, "Duk ƙauyukan da na bi jarirai na mutuwa, ban da naku. Me kuke yi da wasu ba su yi?" Karo na farko ke nan a rayuwata da wani mai ilimi ya tambayi abin da Bahaushe ya fi kowa. Kaina ya kumbura. Na ce ai mu mai jego kwana arba'in take wanka da tafasasshen ruwa, muna tafasa komai, matanmu suna shayarwa shekara biyu. Na yi ta zuba, tana rubutawa, idonta na ƙyalli. Abin da na faɗa game da wanka da shayarwa gaskiya ne. Abin da nake bayyana dalilinsa ne bai taɓa faruwa ba. Ɗiyata, ki ji tsoron ranar da sakamakon aikinki ya faranta miki rai. Ranar ce za ki koma ki sake tambaya.

Rubutunta ya fito, ya yi suna. Na ji an ce har a taron manyan likitoci an ambaci wani ƙauyen Hausawa a bakin tur'a inda jarirai ke rayuwa. Bayan 'yan shekaru hukuma ta tashi raba ɗakunan shan magani da ungozomomi masu horo, masu akwatin ƙarfe da almakashi mai tsabta. Ba su isa kowa ba, sai aka duba inda aka fi bukata. Da me za a duba? Aka buɗe rubutun Daktora. Garinmu yana cikin waɗanda ba su da gaggawa. Aka kai ungozoma ƙauyen da ke ƙetaren babbar tur'a, tafiyar rabin yini a keken jaki, in damina ce kuma baƙar lakar nan ba ta barin ko jakin ya ɗaga ƙafa.

A daminar da ta biyo baya autar Hajja Kande, Zulai, ta kwana biyu tana naƙuda. Aka ɗora ta a keken jaki. A kan gada ta cika, da abin da ke cikinta. Na je gaisuwa, na durƙusa nesa da tabarmar tsohuwar na ce Allah ya jiƙanta. Ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba, "Ustaz, an ce mu ba mu mutuwa, ko?" Matan da ke wurin duk suka sunkuyar da kai. Ban san wa ya kai mata labarin ba.

Abin da zan faɗa yanzu ban taɓa faɗa wa kowa ba sai liman da innarki. Ki ɗauke shi yadda kika ga dama, ke ce mai ilimin jiki da ƙwaƙwalwa.

Satin da ya biyo bayan rasuwar Zulai na shiga aji, darasin ƙarshe kafin azahar, lokacin da zafi ke sa gari ya yi tsit har ana jin ƙudan da ke bakin taga. Na kira suna, kowa ya amsa, na rufe rajista. Sai na ƙirga kawuna kamar yadda na saba kafin in raba alli. Suka fi na rajista. Na sake ƙirgawa daga baya zuwa gaba. Suka fi. Na ce kowa ya miƙe in na kira sunansa ya fita waje. Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ajin ya zama ba kowa, sai tabarmi da ƙura cikin hasken rana. Na ce su dawo. Na ƙirga. Suka fi.

Ban taɓa ganin baƙuwar fuska ba, kada ki zaci haka. Duk wanda na tsayar da ido a kansa na san shi, na san ubansa. Amma idan yatsana na tafiya a kan layin baya, yana tsayawa a wuraren da bai kamata ya tsaya ba, kuma yaran da ke layin suna zama da ɗan fili a tsakaninsu, kamar suna matsa wa wani. Na tambayi ɗaya me ya sa ba ya matsowa kusa da ɗan'uwansa. Ya dube ni ya ce wurin da sanyi.

Na je wurin liman. Ya saurare ni yana sakace, ya ce, "To Ustaz, wa ya aike ka? Ka daina ƙirga mana. Mu da ba mu ƙirga muna barcinmu lafiya." Ya ba ni addu'a. Na yi addu'ar, ban daina ƙirga ba. Kowace shekara ƙarin yana ƙaruwa.

Allah ya ba ni dama in gyara, na ƙi. Kina goye a bayan innarki Daktora ta dawo, yanzu da gilashi da furfura kaɗan, ta kawo baƙi daga ƙasashen waje su ga garin da ya sa ta yi suna. Ta kama hannuna a gabansu ta ce, "Wannan abokin aikina ne." Suka tafa mini. Suka ce suna so su ɗauki hoto a gidan Bahaushe. Na riga su shiga, na ɗauko babbar tabarma na shimfiɗa a ƙarƙashin darbejiya, suka jeru a kai suna murmushi. Innarki ta leƙo ta ga inda ƙafafunsu suke, ta koma ɗaki, kwana uku ba ta yi mini magana ba. Da za su tafi Daktora ta ja ni gefe ta ce, "Ka san har yau garin nan yana ba ni mamaki. An gwada abin da muka rubuta a wasu wurare, bai yi aiki kamar nan ba. Akwai abin da ban gani ba?" Ta buɗe mini ƙofa da kanta. Tafin nan yana cikin kunnena. Na ce babu, Daktora, albarka ce kawai.

Daga baya na rubuta mata wasiƙa har sau uku, ban aika ko ɗaya ba. Kullum sai in ce bari sai ta gama wannan matsayin, bari sai na yi ritaya, bari sai Amna ta gama makaranta. Kuskure a rubuce ba ya jiran mai shi ya shirya. Haihuwa yake yi. Wani ya kafa hujja da ita, wani ya kafa hujja da wancan, na uku bai taɓa karanta na farkon ba, bai san inda Makwar take ba, amma ya rantse da shi. Yawan masu kafa hujjar nan da kika nuna mini a waya kina murna, ni abin da na gani shi ne mutane a jere, kowa da tafin ƙasa a hannu, yana ƙarawa a kan yaran nan. Haka ilimin da na yi wa kuka don an hana ni yake. In kin yi kuskure, ki gyara a satin da kika gane, tun yana ɗaya.

Hajja Kande ce ta nuna mini hanya, a ciwonta na ƙarshe. Na je duba ta, na kasa tashi, na faɗa mata duk abin da na yi a aikin Daktora. Ta ce ta sani tun ranar, ai ta ga idona a kan hannunta. Sannan ta ce, "Da karatunka duka, wawa, ba ka san yadda aka tambaya ba. Ba a ce wa mace ɗiyanki nawa. Ce mata aka yi, sau nawa kika yi wanka? Wanka ba shi da kunya. Mace ba ta mance iccen da ta ƙona." Ki rubuta wannan a bangon littafinki na aiki. Kowace haihuwa tana da wankan jego, ko jaririn ya zauna ko ya koma. Ki tambayi wanka, sannan ki ƙirga yaran da ke tsakar gida, abin da ya rage su ne na bayan ɗaki.

Ni namiji ne, ba zan iya wannan tambaya ba. Innarki ce ta yi. Ban roƙe ta ba, ta ji ina ba da labarin maganar tsohuwar, shi ke nan. Shekara da shekaru tana tattaro su, a wurin biki, a bakin ruwa wajen wanki, a layin cirar auduga. Sai ta dawo tana gasa kisra, siririyar wainar dawar nan, bayanta gare ni, ta ce, "Gidan Ali mai jaki, wanka shida, huɗu a tsaye. Ɗaya kusa da rumbu, ɗaya gindin zogale. Na rumbun an sa masa Musa." Ni kuma in rubuta. Littafin da ke hannunki ke nan. Gida gida ne, tun daga shekarar da Daktora ta zo har baya, da waɗanda suka biyo. Wanda ke da suna na sa suna, wanda babu na sa na uwarsa da inda yake kwance. Matan sun san ana rubutawa, innarki ba ta ɓoye musu ba. Wasu sun ƙi, na bar shafinsu fari.

Ga abin da na lura. Duk lokacin da na cika shafi, washegari ƙarin da ke aji ya ragu. Ban ce ki yarda ba. A hankali layin baya ya matse, yara suka koma zama kafaɗa da kafaɗa. Shekarar da na ajiye aiki, ƙarin saura biyu. Kin san yaran unguwa da ke zuwa rumfarmu da hantsi ina koya musu karatu. Har jiya in na ƙirga su sai in sami biyu a kai, a gefen da ke kallon darbejiya. Na san ko su wane ne. Innarki ta kawo mini na kowane gida da ya yarda a garin nan, ba ta taɓa kawo na namu ba, ni kuma ban da fuskar da zan rubuta su ba da izininta ba, bayan abin da na rubuta a kansu.

Yanzu ga abin da nake roƙonki. An ce Daktora tana raye, ta tsufa, ɗalibai na zuwa gaishe ta, kuma za a kai ki don ke ɗiyar Ustaz Haruna ce. Ki kai mata littafin nan. Ki ce mata tafintanta ya ci amanarta, ya ci ta mutanensa. Ki ce ta tambaye shi sau biyu, sau biyu ya rufe. Sauran aikinta ban san aibinsa ba. Na ji ungozomomin da ta horar sun ceci rayuka da yawa, na yarda, shi ya sa ma ake gaskata shafin da ya shafe mu. Shafi ɗaya ne, amma ana ɗora masa kaya har yau.

Ba zan yaudare ki ba, abin zai iya cin ki. Malaminki da wannan shafin ya hau kujerarsa. Mutane ba su son wanda ya zo daga ƙauye da tsohon littafi ya ce musu gininsu a kan rami yake. Za su iya cewa maganar tsofaffin mata ba hujja ba ce, su ce ubanki ya ruɗe. Za su iya mayar da ke gefe, ki rasa wurin da kika sha wahala kika samu, ki dawo nan ki zauna da haushi irin nawa. Na san abin da nake ɗora miki, kuma na san nawa ne ba naki ba. In kin ga ba za ki iya yanzu ba, ki ajiye har ƙafarki ta kafu, ba zan yi fushi ba. Abu biyu kawai. Kada ki taɓa kafa hujja da shafin nan da sunanki. Kuma kada jiranki ya kai tsawon nawa, don har yanzu babu ungozoma a garin nan, kuma matan da kuka yi wasa tare su ne ke hawa keken jaki.

Zai yiwu kuma ki daina ganina yadda kike ganina. Wannan na riga na karɓa.

Ɗazu da hantsi ina rubuta wannan a rumfa, innarki tana ninke kayanki. Ba ta iya karatu ba, amma ta san abin da nake yi. Ta fito ta tsaya a kaina, ta ce, "Ka faɗa mata?" Na ce na faɗa. Ta ce, "Buɗe shafin farko." Na bar shi fari tun ranar da na sayi littafin. Ta ce, "Gidan Ustaz Haruna. Wanka ukku, ɗaya a tsaye. Sa'adatu, hagu da icce." Na rubuta. Na ce na daman fa, in sa sunanki? Don shi bai kai suna ba, ni kaɗai na san abin da na raɗa masa a kunne ranar da aka haife shi, ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Ta ce, "Yana da nashi. Na ji ka, ba barci nike ba." Sannan matar da ta shekara fiye da talatin ba ta kama sunan ɗanta na fari ba, ta juya ta fuskanci darbejiya ta ce, "Abdurrahman," a fili, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci abinci.

Suna nan a shafin farko, ki duba. Yayyenki ne.

Yaran karatu suna zaune a gabana yanzu, suna jira in gama. Ban ƙirga su ba yau. Na ɗaga yatsa sau biyu na mayar. Shekarun nan duka ina roƙon Allah ya sa lissafina ya fito daidai, yau kuma tsoron da nake ji shi ne ya fito daidai.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da masu jin gaskiya. Allah ya ba ki ƙarfin halin da bai ba ubanki ba, ya dawo mana da ke muna raye. In kin tsaya salla ki sa su a addu'a, duka na cikin littafin, ki sa ni a ƙarshe in da sauran wuri.

Ubanki,
Haruna